Yadda Za Ka Bi Tambayoyin Tauhidin Kirista Tare da Ɗalibai

Duk malamin da ke koyar da addinin Kirista, a aji ne ko a ƙungiyar ɗalibai ko a makarantar Lahadi, akwai ranar da wani zai ɗaga hannu ya jefo tambayar da ba ta cikin shirin darasi. In Allah nagari ne, me ya sa jarirai suke mutuwa? In Yesu Allah ne, ga wa yake addu'a? Wanda ya mutu bai taɓa jin bishara ba fa, ina makomarsa? Abin da malam ya yi a ɗan lokacin da ya biyo baya shi zai sa ɗaliban nan su sake tambaya gobe, ko su kama bakinsu har su gama makaranta. Waɗanda suka kama baki kuwa ba su daina tambaya ba, wani wuri suka kai ta.

Abin da na tsaya a kai shi ne, malam bai gama aikinsa ba don ya ba da amsa daidai. Sai ya nuna wa ɗalibi hanyar da ake bi a kai ga amsar, har ɗalibin ya iya binta ranar da malam ba ya kusa. Ansel, babban bishop na Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1109, ya kira wannan aiki bangaskiya mai neman fahimta. Ga yadda ake yinsa tare da ɗalibai, daki-daki.

Mataki na farko: ka share fili tun kafin tambaya ta zo

Ɗalibai da yawa sun taso da tunanin cewa tambaya a kan Allah alamar raunin bangaskiya ce. In ba ka cire wannan tsoro ba, tambayoyin da za ka samu na cika baki ne kawai, ta ciki na ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar Littafi Mai Tsarki ya yi maka aikin. A zaman farko ka raba musu wurare su karanta da ƙarfi: Habakuk 1:2, inda annabi yake tambayar Ubangiji har yaushe zai yi ta kuka ba a amsa masa ba, Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba, Matiyu 11:2-6, inda Yahaya Maibaftisma, mutumin da ya nuna Yesu ga jama'a, ya aiko daga kurkuku yana tambaya ko shi ne mai zuwan ko su jira wani. Ka sa su lura da yadda Yesu ya amsa. Bai tsawata masa ba. Ya ce a je a faɗa masa abin da ake ji da abin da ake gani, sannan ya juya ya yabe shi a gaban taro. Wasiƙar Yahuza aya ta 22 ma ta ce a ji tausayin masu shakka.

Bayan wannan ku yi 'yar yarjejeniya: ba a yi wa tambaya dariya, ana ja da ra'ayi amma ba a taɓa mutuncin mai ra'ayin, kuma abin da wani ya faɗa game da rayuwarsa ba ya fita daga ɗakin. Ka ajiye akwati ko ambulan da za a riƙa jefa tambaya a rubuce ba suna. Tambayoyin da suka fi nauyi ta nan suke shigowa.

Mataki na biyu: ka ji tambayar har ƙarshenta

Nan ne mafi yawan malamai suke tuntuɓe, musamman waɗanda suka yi karatu sosai. Da jin kalma biyu sun gane ɓangaren tauhidin da tambayar ta faɗa, sai su kama zuba. Ka dakata. Ka maimaita tambayar da kalmominka, ka ce, "Haka kake nufi?" Sannan ka tambayi abin da ya kawo ta, don ruwa ba ya tsami banza.

A ce wata ɗaliba ta ce, "Malam, Allah yana amsa addu'a kuwa da gaske?"

Kana iya ɗaukar wannan a matsayin tambaya a kan ikon Allah da nufinsa. Amma in ka ce, "Me ya sa wannan ya tsaya miki a rai?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun yi ta yi wa mahaifiyata addu'a, ta rasu." To, tambayar ta sauya gaba ɗaya. Wannan yarinya ba hujja take nema a yanzu ba. Wani kuma zai yi tambayar nan da kalmomi iri ɗaya don ya ga wani bidiyo a intanet jiya da dare, kuma shi hujjar yake so, zai ji an raina masa hankali in aka lallashe shi kawai. Kalmomi ɗaya, buƙata biyu. Ba ka da hanyar sanin wacce ce a gabanka sai ka tambaya.

Wani lokaci kuma tambaya ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki. "Littafi Mai Tsarki gaskiya ne?" tana iya nufin ko an kwafe shi daidai, ko abubuwan da ya ba da labari sun faru, ko daga Allah yake. Ka rubuta su a allo daban-daban, ku zaɓi wadda za ku fara da ita.

Mataki na uku: ku auna nauyin tambayar

Ba duk tambayoyi ne nauyinsu ɗaya ba, kuma ɗalibin da bai san wannan ba yakan ɗauka in tubali ɗaya ya motsa ginin duka ya rushe. Ka koya musu su raba tambayoyi gida uku.

Akwai ginshiƙai, abubuwan da Katolika da Otodoks da Furotestan suka haɗu a kansu: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Yesu Almasihu Allah ne cikakke, mutum ne cikakke, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya su ne ma'auni mai kyau a nan, kuma gajeru ne, ana iya buga su a takarda ɗaya a ba kowa.

Akwai kuma abubuwan da masu bi na gaskiya suka sha bamban a kansu: baftismar jarirai, yadda Almasihu yake kasancewa a Jibin Ubangiji, zaɓen Allah da 'yancin ɗan Adam, tsarin shugabancin ikkilisiya, yadda ƙarshen zamani zai kasance. A 1529 Martin Luta da Zuwingili, jagororin Furotestan na farko, sun zauna a Marbug ta Jamus don su daidaita koyarwarsu. Cikin batutuwa 15 sun yarda a kan 14, amma a kan Jibin Ubangiji suka tashi baram-baram. Dukansu biyu Littafi ɗaya suke riƙe da shi, kuma ba wanda zai ce ɗayansu bai karanta shi ba. Ɗalibi in ya ji wannan yakan rage saurin yanke wa ɗan wata ɗarika hukunci.

Gida na uku shi ne abin da ba a bayyana mana ba. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana kuwa namu ne da 'ya'yanmu. Ranar dawowar Almasihu tana nan gidan, ko da wa ya fito da lissafi.

Ka ɗauki tambayoyin da ke cikin akwati, ku jera su a gidajen nan uku tare. Za a yi gardama a kan inda wasu za su zauna, kuma gardamar kanta darasi ce.

Mataki na huɗu: ku buɗe Littafin, ku karanta da faɗi

A nan ya kamata mafi yawan lokacinku ya tafi. Ƙa'idar farko: ba a karanta aya ita kaɗai. Yana da kyau ɗalibai su san cewa marubutan ba su sa lambobin surori da ayoyi ba. Rabon surorin da muke amfani da shi ana danganta shi ga Istifanus Lanton, babban bishop na Kantabari, wanda ya rasu a 1228, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robat Estiyen, ya sa su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Romawa, aka karanta musu ita daga farko har ƙarshe. Wanda ya tsinci layi ɗaya daga tsakiyar wasiƙa zai iya sa ta faɗi abin da mai ita bai taɓa nufi ba.

Don haka kowane wuri kuka buɗe, ɗalibai su amsa tambayoyi huɗu kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wa yake magana, da wa? Wace matsala ce a gabansu? Wane irin rubutu ne: labari, waƙa, karin magana, wasiƙa, wahayi? Me ya zo kafin wurin, me ya biyo baya?

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe, don a ga yadda abin yake a aikace. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, Bulus da Yakubu sun saɓa wa juna. Romawa 3:28 ta ce ta wurin bangaskiya ake baratar da mutum, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ba tare da ayyukan Shari'a ba. Yakubu 2:24 kuwa ta ce ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, ba bangaskiya kaɗai ba. Wanne za mu bi?"

Kada ka yi saurin cewa babu saɓani. Ka fara da yarda cewa ya lura da abu na gaske. Luta kansa wannan wuri ya dame shi, har a gabatarwar da ya rubuta wa Sabon Alkawari na Jamusanci a 1522 ya kwatanta wasiƙar Yakubu da ciyawa in aka gwada ta da manyan littattafan bishara. Ɗalibinka yana cikin manyan mutane ke nan.

Sai ka raba ajin biyu. Kashi ɗaya su karanta Romawa 3:21 har ƙarshen sura ta 4, ɗaya kashin su karanta Yakubu 2:14-26. Kowane kashi ya rubuta amsar abu uku: da wa marubucin yake ja, me yake nufi da bangaskiya, me yake nufi da ayyuka. Ka bar su su yi, kada ka tsaya musu a ka.

Masu Romawa za su dawo su ce Bulus yana magana ne a kan Yahudawa da al'ummai, da kaciya, da fariyar mutumin da yake ganin kiyaye Shari'a ya ba shi matsayi a gaban Allah. Masu Yakubu za su ce shi kuma yana magana ne a kan mutumin da ya ga ɗan'uwansa ba sutura ba abinci, ya ce masa ya sauka lafiya, bai ba shi komai ba. Za su kuma tsinci aya ta 19, inda Yakubu ya ce ko aljanu sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Ashe bangaskiyar da Yakubu yake suka ita ce ta fatar baki, yarda da magana ba tare da miƙa kai ba.

Yanzu sai ka kawo tambayar da za ta buɗe musu ido: wane mutum ne dukansu biyu suka kafa hujja da shi? Ibrahim. Wace aya ce dukansu suka ɗauko? Farawa 15:6, cewa Ibrahim ya gaskata Allah, aka lasafta masa wannan adalci. Ka sa su ja layi a allo su jera rayuwar Ibrahim. Alkawari da gaskatawa a sura ta 15. Kaciya a sura ta 17. Miƙa Ishaku a sura ta 22. Bulus yana tsaye a sura ta 15 yana cewa an karɓi Ibrahim tun kafin kaciya. Yakubu yana tsaye a sura ta 22 yana cewa bangaskiyar nan ta sura ta 15 ta nuna kanta, ta cika, a kan dutsen hadaya bayan shekaru. Daga nan ka aike su Afisawa 2:8-10, inda Bulus ɗin nan dai ya ce ta alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba, ya kuma ci gaba a numfashi ɗaya ya ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Galatiyawa 5:6 ma haka.

Ɗalibin da ya gano wannan da hannunsa ba zai manta ba. Amma ka faɗa musu gaskiya cewa Katolika da Furotestan sun ɗauki ƙarnuka suna kai ruwa rana a kan yadda alheri da ayyuka suke haɗuwa, kuma sai a 1999, a Ogsbag ta Jamus, Ikkilisiyar Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa. Ko ita ma ba ta kawar da dukan bambance-bambancen ba.

In kuna da fassara fiye da ɗaya a ɗakin, ku gwada su. Inda suka bambanta sau da yawa nan ne wurin da ya cancanci a tsaya.

Mataki na biyar: ku tambayi waɗanda suka riga ku

Da wuya ɗalibi ya kawo tambayar da ba a taɓa yi ba. Wannan labari ne mai daɗi a gare shi, don yana nufin ba shi kaɗai ba ne, kuma akwai sawun da zai bi.

Ɗauki tambayar nan ta ko Yesu Allah ne. Ɗalibi zai kawo Yohanna 14:28, inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma, da Markus 13:32, inda ya ce ko Ɗan bai san ranar ba. Ka gaya masa cewa wani dattijon ikkilisiya a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya riƙe wurare irin waɗannan a farkon ƙarni na 4, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukaka cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Rigimar ta yi zafi har sarki Kustantin ya kira majalisar bishop-bishop a Nikiya a 325. Majalisar ta ce Ɗan haifaffe ne ba halitacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Maganar ba ta mutu nan take ba. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa saboda ya ƙi sassautawa, sai a majalisar Kustantiniya ta 381 aka tabbatar da matsayin aka kuma faɗaɗa bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. A Kalsidon, a 451, aka bayyana cewa Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta 'yan Adam, ba a cakuɗe ba, ba a rabe ba.

Kada ka tsaya ga shekaru da sunaye. Ka tambayi ɗalibai me ya sa mutum zai yarda a kore shi sau biyar a kan wannan. Hujjar Atanasiyus ta ceto ce: halitta ba za ta iya sulhunta halitta da Mahalicci ba, in Ɗan ba Allah ba ne to ba Allah ne ya zo ya cece mu ba. Sai ku buɗe Yohanna 11 ku ga ɗabi'un nan biyu a sura ɗaya. Wanda ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru ya zub da hawaye, shi ne ya ɗaga murya ya kira mataccen ya fito.

A nan ne kuma wani zai kawo kwatancin ruwa da ƙanƙara da tururi don ya bayyana Triniti, wato koyarwar cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ka yaba masa ƙoƙari, sannan ku gwada kwatancin da baftismar Yesu a Matiyu 3:16-17. Ɗan ya fito daga ruwa, Ruhu yana saukowa, muryar Uba tana fitowa daga sama, duka a lokaci ɗaya. Kwatancin yana nuna abu ɗaya ne mai sauya kama, wannan kuwa ita ce koyarwar Sabeliyus, wadda ikkilisiya ta ƙi tun a ƙarni na 3. A ganina gano inda kwatanci ya karye ya fi koyar da ɗalibi fiye da kwatancin kansa.

Tarihi yana kuma kare ɗalibai daga jita-jita. Ana yawan yaɗa cewa a Nikiya aka zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki. Majalisar ba ta yi wannan aiki ba. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su ya fito a wasiƙar Ista ta Atanasiyus ta shekarar 367, bayan ikkilisiyoyi sun daɗe suna karanta mafi yawansu a sujada. Bambancin littattafai 66 na Furotestan da 73 na Katolika kuwa a Tsohon Alkawari yake, Sabon Alkawarinsu ɗaya ne.

Mataki na shida: kowa ya faɗi hujjar abokin jayayyarsa

Masanin tauhidi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, yana da tsarin da har yau ya dace da aji. Yakan kafa tambaya, ya fara jera hujjojin da suka saɓa wa matsayinsa, da ƙarfinsu, sannan ya faɗi nasa, a ƙarshe ya koma ya amsa hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ka ba ɗalibai takarda ɗaya su yi haka.

Batun zaɓen Allah da 'yancin mutum ya dace da wannan atisaye, tun da rigimarsa ta taso daga Agustin da Filajiyus a farkon ƙarni na 5, ta sake tashi tsakanin mabiyan Kalbin da na Arminiyus har aka yi taron Dot a Holan a 1618 zuwa 1619. Kashi ɗaya su ɗauki Romawa 9 da Afisawa 1, ɗaya kashin su ɗauki 1 Timoti 2:4 da 2 Bitrus 3:9. Dabarar ita ce kowa ya kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, kuma ba a ce ya yi ba sai masu wancan ra'ayin sun ce, "E, haka muke nufi." Bayan an gama ku karanta Filibiyawa 2:12-13 tare, inda aka ce su yi aikin cetonsu da tsoro, gama Allah ne yake aiki a cikinsu.

In an tambaye ka naka matsayin, ka faɗa, kada ka yi ɓoye-ɓoye. Amma ka faɗe shi a ƙarshe, ka kuma ce, "Wannan shi ne abin da ikkilisiyarmu take koyarwa, ga dalili, wasu masu bi kuma suna ganin haka." Malamin da ya faɗi nasa tun farko ya rufe tattaunawar, don yawancin ɗalibai za su bi bakinsa ne kawai.

Mataki na bakwai: ka san inda bayani yake tsayawa

Tambayar wahala da mugunta tana da amsoshin da masana suka daɗe suna bayarwa, a kan 'yancin zaɓi, da faɗuwar ɗan Adam, da yadda Allah yake fitar da alheri daga mugun abu, kamar yadda Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20. Ka koyar da su, suna da amfani. Amma ka nuna wa ɗalibai cewa Littafi Mai Tsarki da kansa ya ja kunnen masu saurin bayani. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, daga baya suka buɗe baki suka yi ta bayyana masa dalilin wahalarsa, a ƙarshe Ubangiji ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. A Yohanna 9 almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Don haka in ɗaliba ta tambaye ka me ya sa mahaifiyarta ce ta rasu, kana da izinin cewa, "Ban sani ba." Wannan ba ya rage maka daraja. Abin da Kirista yake da shi a wannan wuri shi ne Almasihu wanda ya sha wahala da kansa, ya yi kuka a kan gicciye da kalmomin Zabura 22, da kuma begen tashin matattu. Ka ba ta wannan a hankali, ba a gaban aji ba in zai yiwu. In kuma ka ji alamar cewa ana cutar da ɗalibi, ko yana tunanin cutar da kansa, maganar ta wuce darasin tauhidi. Ka bi ƙa'idar makarantarka ko ikkilisiyarka, ka haɗa shi da wanda ya ƙware a taimako irin wannan, kuma kada ka yi alkawarin rufa asirin da zai bar shi cikin haɗari.

Akwai wani "ban sani ba" na daban, wato abin da ake iya sani amma kai ba ka karanta ba. Wannan ka ce za ka bincika, ka kuma dawo da amsa a zama na gaba. Ɗalibai suna lura da malamin da yake cika wannan alkawari.

In akwai waɗanda ba Kirista ba a ajin

Ka bayyana abin da Kirista suka gaskata sarai, ba ragi, kana cewa "Kirista sun gaskata" maimakon "duk mun sani". Kada ka mai da wani ɗalibi wakilin addininsa duka, kada kuma ka faɗi abin da addininsa yake koyarwa ta hanyar da shi ba zai amince ba. 1 Bitrus 3:15 ta haɗa abu biyu, shirin ba da amsa, da yin haka cikin tawali'u da ladabi.

Mataki na ƙarshe: ku rufe zama da rubutu

Ka bar minti goma a ƙarshe. Kowa ya rubuta abu uku a littafinsa: amsar da zai bayar yanzu cikin jimla biyu ko uku da kalmominsa, wurin da ya dogara a kai a Littafi Mai Tsarki, da abin da har yanzu bai warware masa ba. Na ukun nan ka karɓa, don daga cikinsa darasin mako mai zuwa zai fito. In ana ba da maki, ka bayar a kan yadda ɗalibi ya karanta nassi cikin mahallinsa da yadda ya yi wa ra'ayin da ya ƙi adalci, ko da ƙarshen da ya kai bai zo daidai da naka ba.

Bayan 'yan makonni ka fara janye hannunka. Ka ba ɗalibai biyu tambaya ɗaya daga akwati tun mako guda kafin zama, su auna nauyinta, su nemo wuraren da suka shafe ta, su binciko wanda ya taɓa yin ta a tarihi, sannan su jagoranci tattaunawar da kansu. Kai ka koma kujerar baya, ka sa baki kawai in an karanta aya ba tare da mahallinta ba, ko an faɗi abin da ba haka yake a tarihi ba.